Kafin ka ɗora wa kafireta laifi

Babu ɓangaren tsohuwar mota da ake zalunta kamar kafireta, na'urar da ke haɗa iska da fetur kafin su shiga inji. Mota ta ƙi tashi da safe, a ce kafireta. Ta yi tari a hawan tudu, a ce kafireta. Ta mutu a kan hanya bayan ta ɗauki zafi, har yanzu dai ita ce. Mai mota zai ɗaga bonet, idonsa ya sauka kan abin da ya fi ƙyalli kuma ya fi kusa da hannu, ya ɗauko sukudireba ya kama murɗe-murɗe. Kafin yamma, motar da ta zo da ciwo ɗaya ta koma mai ciwo biyu: na asali wanda ba a ko taɓa ba, da wanda hannu ya ƙara mata. An bar jaki ana dukan taiki.

Ni MGB nake riƙe da ita, motar gudu ta Ingila ƙirar ƙarshen shekarun 1960, mai inji cc 1798 da tagwayen kafireta na SU, samfurin HS4. Ta hannunta na san yawancin abin da zan faɗa a nan, sauran kuma daga motocin abokai da na sa wa hannu. Abin da na yarda da shi ƙwarai shi ne: kafiretar da aka saita daidai ba ta kwance kanta cikin dare. Idan mota tana tafiya lafiya jiya, yau ta canza hali, to wani abu ne ya lalace, ko ya toshe, ko ya tsage, ko ya ƙone. Murɗa notin saiti ba zai ɗinke abin da ya tsage ba. Iyakarsa ya ɓoye alamar na ɗan lokaci, ya kuma ɓatar da kai daga inda ka taso.

Sai mutum ya san yadda SU take aiki zai gane dalilin da ya sa nake kare ta haka. Herbert Skinner ne ya ƙirƙiro tsarin a Ingila a 1905, shi da 'yan'uwansa suka kafa kamfanin a Landan a 1910. Gidansu gidan sana'ar takalma ne, kuma kafiretocin farko da zuga-zugin fata suke aiki. William Morris ya sayi kamfanin a 1926, daga nan SU ta shiga kusan kowace motar gudu ta Ingila: MG, Austin-Healey, Triumph, Jaguar. Lambar da ke jikin sunan girman maƙogwaro, wato hanyar da iska ke bi, take nunawa. HS2 inci 1¼ ce, HS4 inci 1½, HS6 inci 1¾, HD8 kuma inci 2 cif, irin wadda Jaguar ta jera guda uku a kan E-Type a 1961. Har Datsun 240Z ta Japan da irin wannan tsari ta fito a 1969, ƙirar Hitachi.

A mafi yawan kafiretoci maƙogwaron da iska ke bi girmansa ɗaya ne kullum, shi ya sa ake cusa masu jet, wato ramukan da fetur ke fitowa, iri-iri, wannan na silo (inji na aiki ba a taka totur ba), wancan na gudu, ga ɗan famfon da ke watsa fetur idan an taka totur. SU jet ɗaya tak gare ta. Maƙogwaron ne ke buɗewa yana tsukewa. A cikin hular aluminiyam da ke samanta akwai fistan, a gindin fistan ɗin kuma an ɗaure allura mai tsini wadda ke zaune cikin ramin jet. Idan ka taka totur, zuƙar inji ta bi ta ramukan da ke ƙasan fistan ta kai samansa, sai ya ɗaga. Yana ɗagawa iska na ƙaruwa, allurar ma tana fita daga jet, siririn gefenta yana ba fetur ƙarin hanya. Iska da fetur suna hawa tare, suna sauka tare. Abubuwan da ke motsi a cikinta ba su da yawa, kuma kowanne kana iya ganinsa da ido, ka taɓa shi da yatsa. Na'urar da take da sauƙi haka ba ta da wuraren ɓoye laifi da yawa.

Don haka ni ba na farawa daga gare ta. Kafireta tana amsa abin da inji ya zuƙa ne kawai. Idan injin ba ya zuƙa daidai, babu saitin da zai zauna. Ina fara auna matsin kowace silinda da inji mai ɗumi. Ba lambar kanta ce ta fi damuna ba, bambancin da ke tsakaninsu ne: idan ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi 10 cikin ɗari, to maganar bawul ce ko zobban fistan na inji, a ajiye sukudireba. Sai tazarar bawul, wadda a MGB inci 0.015 ce da inji a sanyaye, wato kusan milimita 0.38. Bawul ɗin da aka matse ba ya rufewa sosai, kuma silo ba zai taɓa natsuwa ba.

Sannan wuta. A nan ne yawancin laifin da ake ɗora wa kafireta yake kwance. Kwantak ɗin da ke cikin distiributa yana cinyewa a hankali, tazararsa ta tsuke, taimin ya ja baya ba tare da kowa ya taɓa komai ba. A distiributar Lucas 25D tazarar kwantak inci 0.015 ce, ta fulogi kuma 0.025. Kwandansa mai mutuwa takan sa mota misin daidai irin na ƙarancin fetur. Kwayil da rota sukan yi aiki lafiya a sanyi, su gaza idan sun yi zafi, su dawo bayan hutun minti ashirin kamar ba abin da ya faru. Ƙananan ƙarafan da ke ƙara taimin idan inji ya ɗauki gudu sukan yi tsatsa su maƙale; ka haska fitilar taimin a kan fule, ka ɗaga totur, idan alamar ba ta gusa ba to ka gano dalilin da ya sa motar ba ta da ƙarfi a sama. Ko da wane jet aka saka mata, ba za ta samu ba.

Akwai wata dabara da nake so kowane mai irin wannan mota ya sani. Lokacin da ta fara shiɗewa a kan hanya, tana cikin giya, tayoyi na juya inji, ka dubi agogon zagayen inji. Daga layin kwayil yake samun saƙonsa. Idan allurarsa ta faɗi ƙasa farat ɗaya ko ta kama tsalle-tsalle alhali injin na juyawa, wuta ce ke yankewa. Idan kuwa tana sauka a hankali tare da gudun motar, sai a koma neman fetur. A nan ma akwai abin lura: ka kashe makulli nan take, kafin motar ta tsaya, domin famfon lantarki zai sake cika kwanon fulot, wato ɗan kwanon da ke tara wa kafireta fetur, idan ka bar shi a kunne, ya share maka shaida. Ka gangara gefen hanya, ka kwance sukurori uku na murfin kwanon, ka leƙa. Kwano cike yana nufin fetur na isowa. Kwano busasshe yana nufin matsalar tana baya, tsakanin tanki da nan.

Wani abokina ya taɓa kawo mini Triumph Spitfire da ta ishe shi. Takan tashi lafiya, ta yi tafiya mai ɗan nisa, sai ta fara ja da baya, ta mutu. Ya sauke tagwayen kafiretocinta ya wanke, ya canza allura da jet da fulot, ba abin da ya sauya. Muka fita da ita tare, muka yi ta tafiya har ta yi halinta. Kwanukan fulot duka biyu a bushe. Na zaga baya na kama murfin tanki, sai na ji yana riƙewa. Ina ɗaga shi ya ja iska da ƙarfi, fuuu, jikin tankin ya yi wata ƙara yana komawa daidai. Ramin shaƙar iskan tankin ne ya toshe. Fetur na fita, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, har famfo ya kasa ja. Da aka buɗe hanyar iskan, zancen ya ƙare. Kafiretocin nan tun farko lafiyarsu ƙalau.

Famfon lantarki na SU da bakinsa yake faɗa maka halin da yake ciki, in dai za ka saurara kafin ka tayar da inji. Ka murɗa makulli mataki ɗaya: za ka ji tik-tik-tik da sauri, sannan ya rage, sannan ya yi shiru idan kwanuka sun cika. Wannan ita ce lafiya. Idan ya ci gaba da bugawa da sauri ba tsayawa, ko dai tanki ya ƙare, ko yana zuƙar iska ta wani tsagi a bututun da ke tsakaninsa da tanki. Idan yana bugawa jefi-jefi ga kuma warin fetur, bawul ɗin fulot ne bai rufe ba, motar tana obafulo, kuma ka kashe makulli maza domin manifol ɗin salansa yana ƙarƙashin wurin. Idan shiru ya yi gaba ɗaya, yawanci kwantak ɗin cikinsa ne ya yi datti. Ɗan ƙwanƙwasawa da ƙotar sukudireba kan tashe shi ya kai ka gida, amma wannan ba gyara ba ne, a sauke shi a goge kwantak ɗin ko a canza. Lafiyayyen famfo zai zuba maka rabin lita ko fiye a cikin gwangwani a minti guda. Masu canza shi da famfon zamani su kula da matsi: SU ba ta son abin da ya haura psi 3, fiye da haka fetur zai ture bawul ɗin fulot ya yi ambaliya, mutum ya yi ta canza fulot a banza.

Tsatsar tanki ita ce ɗaya abokiyar gaba. Idan ka buɗe kwanon fulot ka ga jan gari a gindinsa, ka goge shi da yatsa ka ji yana ƙaras-ƙaras, to wanke kafireta aikin sati ɗaya ne, zai dawo. Ƙwaya ɗaya ta isa ta tokare bawul ɗin fulot. A sa filta kafin kafireta, amma magani na gaskiya sauke tanki ne.

Abu na ƙarshe kafin in taɓa saiti shi ne iskan sata, wato iskan da ke shiga inji ba ta maƙogwaron kafireta ba. Alamunta sanannu ne: mota ba ta riƙe silo sai an ja cok, ko silo ya ƙi sauka bayan an saki totur, ko ka tarar wani ya sauke jet ƙasa sosai don ya rufe ɓarnar. Takan shiga ta gaskit ɗin manifol, ta tiyon da ke zuwa distiributa ko na taimakon burki, amma a tsofaffin SU babbar ƙofarta ita ce sandar totur. Sandar tagulla ce tana juyawa cikin jikin aluminiyam shekara hamsin da ɗoriya. Dole ramin ya faɗaɗa. Ka kama ƙarshenta ka girgiza sama da ƙasa. Idan ka ji tana wasa, ka fesa ɗan ruwan wanke kafireta a wurin da inji yana silo. Zagayen inji zai canza. Ka yi wannan a fili, da abin kashe gobara kusa da kai. Kafiretar da sandarta ta cinye ba ta saituwa: yau ka daidaita ta, gobe sandar ta zauna a wani gefen, silo ya sake. Sai an gyara ramin an sa masa sabon bushi.

To yanzu mun iso gare ta. Na fi son wannan ɓangaren, domin da yatsa da kunne ake yinsa.

Ka cire filtar iska, ka kwance murfin da ke ƙololuwar hula ka zare sandarsa. Ka sa yatsa cikin maƙogwaro ka ɗaga fistan har sama, ka sake shi. Ya kamata ya sulalo ba tangarɗa ya dira da ƙara mai tsabta, ƙwas. Idan ya tsaya a hanya, ko ya sauka shiru, akwai abin da ke gogarsa: ko baƙin datti a cikin hula, ko allura ta lanƙwashe, ko jet ba ya tsakiya. Ana wanke hula da fistan da fetur da tsumma mai laushi kawai. Kada a kusanto su da sanfefa ko wani abin kankara, domin tazarar da ke tsakaninsu ita ce ke riƙe zuƙar da ke ɗaga fistan, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa. Kada kuma a musanya hular ta gaba da ta baya. Kowace da fistan ɗinta aka haɗa ta tun daga masana'anta. Ni ɗaya nake gamawa in rufe, sannan in buɗe ta biyu.

Man da ke cikin ramin sandar fistan ba don santsi aka zuba shi ba. Shi ne a madadin famfon watsa fetur. Idan ka taka totur farat ɗaya, man yana hana fistan zabura sama, sai iskan da ke bi ta kan jet ta ƙara sauri ta ja ƙarin fetur na ɗan lokaci, daidai sa'ad da inji yake buƙatarsa. In man ya ƙare, mota za ta yi tuntuɓe duk lokacin da ka nemi wuce wata. Na ga mutane suna shirin sayen sabuwar kafireta saboda wannan, alhali cokali guda na mai SAE 20 ne maganin. Idan ka mayar da sandar, ka ji ta tana turjewa kafin zaren murfin ya kama. In ta shige sululu ba turjiya, babu mai.

Ramin jet na HS4 inci 0.090 ne, kusan milimita 2.3. A tsofaffin samfura allurar a kafe take, dole a saita jet ya zauna a tsakiyarta daidai: a sassauta notin da ke riƙe shi, a tura shi sama, a bar fistan ya sauko ya daidaita shi, sannan a ɗaure a sake gwada faɗuwar. Daga wajen 1969 aka koma allura mai ɗan sifirin wadda da gangan take jingina da gefe ɗaya na jet. Ta kawar da wahalar saitawa, amma da tafiya ta yi nisa tana cin ramin ya zama ba zagayayye ba. Sakamakon shi ne fetur ya yi yawa a silo. Ka rage shi a can, sai mota ta ji yunwa a gudu. Idan ka ga haka, allura da jet tare ake canza su. Kafaɗar allura kuma ta zauna daidai da fuskar fistan, ba ciki ba, ba waje ba. Sai tsayin fulot: ka kifa murfin kwanon, tazarar da ke tsakanin fulot da bakin murfi ta kasance inci 1/8 zuwa 3/16. Ka girgiza fulot ɗin kusa da kunne. In ka ji ruwa a ciki, ya huje.

Wani ƙaramin abu da ke wahalar da mutane: a fuskar kafireta, inda filtar iska ke zama, akwai ƙananan ramuka da ke kai iskan waje ƙarƙashin fistan. Idan aka juya gaskit aka rufe su, fistan ba zai ɗaga yadda ya kamata ba, motar ta kasa gudu. Duba wannan ba ya cin minti ɗaya.

Daidaita tagwaye sai inji ya yi zafi sosai, bayan tafiya ta gaske, ba ɗumin tsayuwa a gareji ba. Ka sassauta maɗaurin sandar da ta haɗa totur ɗin biyu, domin kowace ta tsaya da ƙafarta. Ka tabbata cok ya koma gaba ɗaya. Ka danna gindin kowane jet sama da yatsa, domin sukan maƙale a ƙasa bayan an ja cok, mota ta yi ta shan fetur ba a sani ba. Ka murɗa notin jet sama har jet ya yi daidai da gadar da ke cikin maƙogwaro, sannan ka sauke shi zagaye biyu cikakku, wato fuska 12 ta notin mai fuska shida. Daga nan ake farawa.

Akwai na'urar auna iska da ake kifawa a bakin kafireta, kuma tana da kyau. Amma ni har yau ina ɗaukar guntun tiyo, in sa baki ɗaya a kunne, ɗayan in riƙe shi a gefen maƙogwaro, a wuri ɗaya daidai a kowace kafireta. Za ka ji tsaki, sssss. Ta gaba na iya yin kaifi da ƙarfi, ta baya ta yi laushi. Kana murɗa sukurun silo kaɗan-kaɗan, kana kai tiyon nan da can, har sautin biyu su zama ɗaya, inji kuma yana wajen zagaye 800 a minti. Kunne yana kama bambanci ƙarami fiye da yadda mutum yake zato, kuma da zarar sun haɗu za ka ga girgizar injin ta kwanta.

Sannan cakuɗa, wato yawan fetur a cikin iska. Noti ƙasa ƙarin fetur, noti sama ragi. Ana murɗa na biyun tare, fuska ɗaya-ɗaya, ana neman inda inji ya fi sauri da santsi. A gefen kowace kafireta akwai ɗan fil na ɗaga fistan. Ka tura shi har ya taɓa fistan, ka ƙara kamar milimita 0.8, ba fiye ba. Idan zagayen inji ya ɗan hau sannan ya dawo inda yake, ka samu. Idan ya hau ya zauna a sama, fetur ya yi yawa. Idan ya faɗi kamar zai mutu, ya yi kaɗan. Salansa ma tana ba da shaida: fetur mai yawa yana zuwa da misin mai tsari, bugu-bugu a jere, da baƙin hayaƙi, fetur kaɗan kuma misin ɗinsa ba tsari, yana fantsama. Bayan kowane 'yan mintoci ka ɗaga inji zuwa 2500 na ɗan lokaci don ya share fetur ɗin da ya taru a manifol, in ba haka ba zai ruɗe ka. Idan ka gama, ka sake sauraron tiyo, domin cakuɗa na taɓa daidaito. Sai ka ɗaure maɗaurin, ka bar ɗan sarari iri ɗaya a ɓangarorin biyu, ka taɓa totur kana kallon fistan biyun: su tashi tare.

Wanda bai yarda da kunnensa ba yana iya amfani da Colortune, fulogi mai gilashi da ke nuna launin wutar cikin silinda. Shuɗi daidai, rawaya fetur ya yi yawa. Mai son lamba kuma ya sa na'urar auna iskar salansa. Fetur zalla yana ƙonewa tas a kan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur bisa nauyi, amma inji ya fi ba da ƙarfi a wajen 12.5 zuwa 13 idan an take totur har ƙasa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: notin nan a silo ya fi tasiri. Abin da zai faru a rabin totur da cikakken totur, surar allura ce ke yanke shi. Ana auna kaurinta a kowane inci 1/8 na tsawonta, kuma akwai ɗaruruwan iri. Injin da yake yadda ya fito, allurar da littafinsa ya ambata ita ce daidai, injiniyoyin sun riga sun yi wahalar. Amma in ka sa filtar iska mai buɗaɗɗen baki ko ka canza salansa, zuƙar ta canza, kuma sau da yawa motar za ta ji yunwa a sama. Wannan ba abin wasa ba ne, domin ƙarancin fetur a gudu yana ƙona bawul, yana iya huda fistan na inji. Maganinsa wata allura ce, ba sauke noti ba.

Sau da yawa akan tambaye ni ko a cire SU a sa kafiretar Weber. Ina girmama Weber. Edoardo Weber ya kafa kamfaninsa a Bologna ta Italiya a 1923, kuma kafiretarsa samfurin DCOE ita ce numfashin Alfa Romeo Giulia da Lotus Elan, inda kafireta biyu masu maƙogwaro bibbiyu ke ba kowace silinda nata. A can ta dace, kuma kukanta idan an buɗe totur abin so ne. Amma kan injin MGB ƙofofin shigar iska biyu ne kacal ga silinda huɗu, kuma a injin da ba a taɓa cikinsa ba ban ga ribar da ta kai wahalar ba. DCOE ba a saita ta da murɗa noti. Da canza sassa ake yi: zoben maƙogwaro, babban jet, jet na iska, bututun gauraya, jet na silo, jet na famfo. Kuskuren da aka fi yi shi ne zaɓen zoben maƙogwaro mai girma don kwaɗayin gudu, sai iska ta rasa sauri a ƙasa, motar ta yi nauyi a tafiyar yau da kullum. Jet ɗin silo kuma, duk da sunansa, shi ke ciyar da inji har wajen zagaye 2500 zuwa 3000, inda ake yin yawancin tuƙi. Kuma notocin da ke ɗaure ta da manifol ba a matse su har ƙarshe. An sa zobban roba a wurin don su shanye girgiza, in ba haka ba fetur ya yi kumfa a cikin kwano.

Zenith-Stromberg 'yar'uwar SU ce a tsari, sai dai ita fatar roba ce ke ɗaga fistan ɗinta. Dokokin hayaƙi na Amurka ne suka yaɗa ta: E-Type da aka kai can daga 1968 ta koma Stromberg biyu a maimakon SU uku, MGB kuma daga 1975 guda ɗaya tak aka bar mata, ƙarfinta ya sauko daga wajen doki 95 zuwa ƙasa da 70. Idan mota mai Stromberg tana silo lafiya amma ta ƙi ɗaukar gudu, ka ciro fatar ka ɗaga ta ga haske kana ɗan ja. Rami kamar na tsinin allura ya isa.

Fetur ɗin yau ma ba shi ne wanda aka ƙera waɗannan motoci dominsa ba. A ƙasashe da yawa ana gauraya shi da itanol. A Birtaniya E10, mai kashi 10 cikin ɗari, ya zama na yau da kullum daga Satumba 2021, a Amurka kuwa an daɗe da shi. Itanol yana jan ruwa daga iska, yana cin tsohuwar roba, yana kuma ɗan rage kaurin cakuɗa, har wata motar takan so ƙarin fuska ɗaya a noti. Tiyon fetur da ya shekara da yawa a canza shi da mai alamar SAE J30 R9, tun kafin ya fara zufa a kusa da salansa. Motar da za ta daɗe a ajiye kuma, fetur ɗin da ke kwanon fulot zai bushe ya bar danƙo mai launin ƙasa-ƙasa wanda ke liƙe jet da bawul. Gara a yanke famfo a bar inji ya shanye na kwanon kafin a rufe ta.

Wannan fetur ya fi na da saurin tafasa, kuma a MGB manifol ɗin shiga da na salansa gefe ɗaya suke, kwanukan fulot suna zaune a kan zafi. Farantin kare zafi da ke tsakaninsu, da kaurin robar da ke raba kafireta da manifol, dole su kasance a wurinsu kuma da rufinsu na baya. Idan ka tsaya bayan doguwar tafiya, ka dawo bayan minti goma ta ƙi tashi, yawanci tururin fetur ne ya cika manifol. Kada ka ja cok. Ka taka totur rabi ka riƙe shi a nan ba motsi, ka murɗa makulli har ta kama, ka bar ta ta yi 'yan daƙiƙu a ɗan sama da silo kafin ka sa giya.